Dawar Goggo

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da aka yi ruwan shuka, kuma tun daga ranar ko yayyafi ba a sake yi ba. Kullum da la'asar hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta kaɗa ƙyauren zaure, sai kuma ya baje kamar ba a yi ba. Jiya autana Sule ya dawo daga gona ya ce mini shukar ta fara murɗe ganye. Na tambaye shi ko ya rage iri. Ya yi dariya.

"Inna, in ta ƙone ai sai in hau babur in je Rano in sayo wani. Ga shi can leda-leda a shago."

Ya nuna mini ragowar wanda ya shuka, an rina shi da magani ja wur, ko kaza ba a bari ta tsinta. Na shiga madafi na tsaya a gaban tulun da ke kusurwa, wanda babu mai taɓa shi a gidan nan. Babu komai a cikinsa sai toka.

Matar Sule ce ke rubuta wannan, don ni ban yi boko ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sassauta inda na yi laifi.

Daga Kibiya aka kawo ni Madachi. A gidan na tarar da uwar mijina, muna ce mata Goggo, na kuma tarar da dawarta. Mutanen gari da sunanta suke kiran wannan iri, amma ni bakina bai taɓa kama sunan surukata ba, don haka dawar Goggo nake cewa har yau. Doguwa ce, ko namiji a kan jaki ba ya kamo kanta. Ƙwayarta fara sol, tuwonta in ya kwana ya fi daɗi. Abin da ya bambanta ta da kowace dawa shi ne karanta. Kowa ya san takanda tana da zaƙin kara amma ƙwayarta ba ta tuwon kirki, farafara kuma tana da ƙwaya amma karanta lami. Dawar Goggo ta haɗa duka biyun. Ka karya kara ka ɓare da haƙori, ruwa ya cika maka baki kamar raken fadama. Goggo ta ce daga hannun kakarta ta karɓa, ita ma ba ta san inda kakar ta samo ba.

Ba ta yarda a ɗebi iri daga rumbu ba. Kafin maza su sa hannu a girbi, ni da ita za mu shiga gona tun da hantsi, tana gaba ina biye da kwando. Ta duba zangarniya, ta auna nauyinta a tafin hannu, sannan ta karya karan ta ɗanɗana. In babu zaƙi, ko da kan ya kai girman tulu, sai ta wuce. Waɗanda ta zaɓa mu ɗaure su mu rataye a saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukansu har su yi baƙi, ƙwari su ƙi su. Da bazara mu sussuke da hannu, ba da taɓarya ba, mu cuɗa da toka, mu zuba a tulu mu liƙe bakinsa da laka.

Dokokinta biyu ne. Ta farko, iri kashi uku ake yi masa: na shuka, na sakewa in shukar farko ta ƙone, sai na baɗi. "Na ukun nan," in ji ta, "ko me za a yi, ba kya buɗe shi a shekararsa." Ta biyu kuma, duk macen da ta zo neman iri a ba ta, ko tafi ɗaya ne, ko da ba a ga-maciji da ita. Ta farkon na gane amfaninta. Ta biyun na ɗauka sadaka ce kawai irin ta tsofaffi masu neman lada. Ba ta yi mini bayani ba, ni kuma ban tambaya ba. Ta rasu ta bar mini tulun.

Wajen lokacin da soja suka sauka aka koma zaɓe ne malaman gona suka yawaita zuwa mana a kan babur da sabon iri, gajerar dawa. Tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba, kuma tana nuna da wuri, tun ruwa bai ɗauke ba. Ba zan yi mata ƙarya ba, tana cika rumbu. Maza suka rungume ta. Maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, ya ba ta babbar gona gaba ɗaya, dawar Goggo ta koma gayaunata, 'yar gonar da ke bayan tsamiya. Gidajen da Goggo ta taɓa ba iri suka bar shukawa ɗaya bayan ɗaya. Iri kuwa in ya yi shekara biyu, uku ba a shuka shi ba, ya mutu a cikin tulu ko da ba a taɓa shi ba.

Ni mai sa ido ce, na lura da abin da wasu ba su lura da shi ba. Duk inda aka shuka doguwa gefe da gefe da gajera, in iska ta kaɗa lokacin da suka fidda kai, baɗi sai irin ya fito a gauraye: wannan dogo, wannan gajere, karan kuma salam, babu zaƙi. Shi ya sa na kafa wa gayaunata tsaro. Na sa Malam ya kewaye ta da gero da gyaɗa, na hana a matso da gajera kusa. Na fara jin cewa duk garin ni kaɗai ce na san darajar abin da ke hannuna.

A bazarar shekarar da nake ba da labarinta, ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a Kano ba, don ina tuna maza ba su da hira a gindin bishiya sai ita. An yi zafin da ko kaza sai ta buɗe baki. Rannan da azahar ina tankaɗe sai ga sallamar Ladidi, ƙanwar Malam, wadda ke aure a Yalwa. Ta shigo tana fifita da gefen mayafi, ta zauna a kan turmi.

"Matar Yaya, ba ni ruwa kafin in narke miki a tsakar gida, ki rasa abin kwashe ni."

"Ludayi ma ya isa, me ke jikin naki?" Na miƙa mata moɗa.

Muka yi ta tsokanar juna kamar yadda muka saba. Can sai ta kwance bakin zanenta, ta fito da 'yar jaka ta shimfiɗa a cinya.

"Iri na zo ki ba ni. Dawar Goggo. Nawa ƙwari sun cinye, shekara biyu maigidan bai bar mini wuri ba. Bana ya ce in ɗauki gefen fadama."

"Me ya shuka a sauran gonar?"

"Gajera mana, kamar kowa."

"To ba zan bayar ba."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasan ne bai ƙare ba. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Yaya Dije, da gaske kike?"

"Ki kai ta kusa da gajera ta lalace, baɗi ki riƙa ba mutane gauraye kina cewa dawar Goggo ce? Ku da kuka yar da ita, yanzu kuka tuna da ita?"

"Tafi ɗaya fa na ce. Irin uwata ne."

"Uwar taki ni ta bar wa tulun."

Wannan maganar ita ce har yau nake ji a kunnena, da muryata, ba da muryar kowa ba. Ladidi ta ninke jakarta sau huɗu a hankali, ta mayar bakin zane ta ɗaure. Ta tsaya har ta yi la'asar, ta gaida wanta, ta tafi. Na raka ta zaure da ƙullin kuka da daddawa, ta karɓa ta yi godiya.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar. Ƙamshin ƙasa ya tashi, gari ya fita da sungumi, maza na sara mata na jefa iri suna rufewa da diddige. Na fasa lakar tulu na ɗebi kashi na farko. Kwana huɗu shuka ta fito kore shar, layi-layi. Daga nan sama ta bushe. Mako ɗaya, biyu, har muka shiga na uku. Ganyen ya murɗe kamar igiya, ya koma ruwan ƙasa, in ka taɓa ya ruguje a hannu. Ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta babu takalmi. Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari, mu kuma muka dama gumba muka yi sadaka.

Aka samu ruwa, muka sake shuka. Na ɗebi kashi na biyu, ban damu ba, don dama aikinsa ke nan. Wannan karon ruwan bai ratsa ƙasa ba, saman kawai ya jiƙa. Irin ya kumbura a rami, ya tsaga, ya rasa danshin da zai fito. Abin da bai ruɓe ba zabi da kurciyoyi suka tone. Na bi ramukan da yatsa ina dubawa, sai ɓawo.

Rumbunmu a lokacin ya kusa ƙasa. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini. Da rana tafasa da zogale, a kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri da barkono. Dusar da muke ba awaki muka riƙa tankaɗewa muna dambu da ita. Ina tuna ƙarar muciya a gindin tukunya, da yadda kowa ke kallon hannuna in ina kwasa. A duk wannan yunwar ban taɓa tunanin in niƙa kashi na uku ba. Ina wuce tulun in ɗora masa hannu, in ji sanyinsa, in ce da kaina ni ce mai riƙon amana.

Sai da damina ta yi nisa sannan ruwan gaske ya zo. Aka kwana biyu ana yi, kwalbatoci suka cika, kwaɗi suka buɗe baki. Malam ya samo wata gajerar daga wajen malaman gona ya shuka karo na uku. Da ya dawo yana wanke ƙafa ya ce mini, "Gayaunarki fa? In sa miki wake, ko in ba ki gajera?"

"A gonar Goggo? Allah ya kiyaye."

"To ki bar ta ta huta. Lokacin doguwa ya wuce, Dije. Ki ajiye na tulun sai baɗi."

Shi da bai riƙe dokar ba, shi ya tuna mini da ita. Amma na leƙa gayauna na gan ta fayau, baƙar ƙasa mai danshi tana tururi, babu ko tsinke. Na tuna tun da aka kawo ni gidan ba a taɓa shekarar da dawar nan ba ta tsaya a gona ba. Na kuma tuna Ladidi, na ce za ta ji labari cewa na hana ta, ni ma ban shuka ba. Washegari da sassafe, Malam ya tafi babbar gona, na juye tulun a ƙwarya har ƙasansa. Ni na sara, ni na jefa, ni na rufe. Ban bar ko tafi ɗaya ba.

Ta fito kuwa, ta yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Marka ta sauka, kullum sama a lulluɓe, tufafi ba sa bushewa, itace ba ya kamawa sai hayaƙi. Na yi noman farko, na yi maimai, ƙafafuna suka yi fari don zama a laka. Dawar ta wuce ni, ta wuce Malam, ganyenta faffaɗa har yana ƙyalli. Masu wucewa suna tsayawa su ce, "Inna Dije, bana kam kin more." Ta yi ciki, ta fara fidda kai.

A nan ruwa ya ɗauke. Ba a yi sallama da shi ba, kawai wata safiya aka tashi sama wasai, kuma haka ta zauna. Gajerar Malam ta riga ta yi ƙwaya, ta ƙarasa nuna da ɗan danshin da ya rage. Ita ta ciyar da mu a shekarar, ita ta hana mu sayar da awaki, wannan gaskiya ce kuma na ce a rubuta ta. Tawa kuwa tana buƙatar ruwa biyu ko uku nan gaba. Kullum da asuba in je in duba raɓa a ganye, in matsa zangarniya tsakanin yatsu in ji ko ta fara tauri. Ƙasa ta tsage har hannu na shiga. Kawunan suka tsaya a miƙe, ba su sunkuya ba, don babu nauyin da zai sunkuyar da su. In iska ta taso sai su riƙa wata ƙara, shuu, kamar ana shiƙar ƙaiƙayi. Na bi gonar kara bayan kara, na murje kowane kai a tafin hannu na hura. Babu ƙwaya ɗaya da ta cika.

Na karya kara ɗaya na sa a baki. Ban taɓa shan zaƙi irin wannan ba, har yana kama maƙogwaro. Duk abin da ya kamata ya hau ya zama ƙwaya ya tsaya a karan. Mutanen unguwa suka ji labari, aka yi ta zuwa ana karya ana sha ana santi, wata ma ta ce in ajiye mata irin wannan na bana. Na tsaya a gindin tsamiya ina kallon tuƙa tana taruwa a ƙasa. Cikin kwana uku aka shanye dawar Goggo.

Bayan girbi na yafa mayafi na kama hanya. Na je gidajen Madachi da na san Goggo ta ba iri, na je Dawaki, na je Kibiya wajen dangina, na bi masu awo a kasuwar Rano ina tona buhu da hannu. Kowa sai ya ce, "Ai mun daɗe da bari," ko ya nuna mini farafara. Yalwa na bari a ƙarshe, don na san abin da zan tarar.

Na sami Ladidi tana sussuka. Ta yi mini shimfiɗa, ta kawo fura. Na kasa sha. Ta riga ta ji komai.

"Zo ki ga wani abu," in ji ta.

Ta kai ni gefen fadamar da mijinta ya ba ta. Da ta rasa irin uwarta, kaura ta samo ta shuka, ita ma doguwa mai jinkiri. Ga kututturan nan, ga dammunan dawa a jingine, kawuna cike har suna tsagewa. Na tura yatsa a ƙasa. Har a lokacin da sauran danshi.

"Nan na so in sa ta," ta ce. Babu faɗa a muryarta, da ma ta yi faɗan. "Yaya Dije, kin ɗauka Goggo lada kawai take nema da take rabawa? Ajiya take kaiwa. Sau biyu ina yarinya namu ya ƙare, ta je ta karɓo a gidan da ta bayar."

"Da ta gauraya da gajera," na ce, don bakina bai saba da shiru ba.

"Da ta gauraya, da kin bi da haƙorinki kin tsince, kamar yadda ta koya miki. Yanzu me za ki tsinta?"

Shekaru bayan haka wasu malaman gona suka zo da mota, har da mace a cikinsu. Wannan karon ba iri suka kawo ba, nema suka zo yi. Suna bi gida-gida suna karɓar tsofaffin iri, wai akwai ɗaki mai sanyi da ake adana su, kuma daga cikinsu ake haɗa sababbi. An gaya musu a Madachi akwai dawa mai farar ƙwaya da zaƙin rake, aka nuno musu gidanmu. Matar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Mama, irin wannan muka daɗe muna nema. Ko cokali ɗaya ne ya ishe mu." Na ɗauko tulun na juye mata a faifai. Ta sa yatsu tana tona tokar a hankali, ta tsinci 'yan ƙwayoyi da suka maƙale a gindi. Ta matsa ɗaya, ta fashe ta zama gari. Duk da haka ta zuba sauran a takarda ta rubuta sunan Goggo a kai. Ta ce in sun tsiro za ta dawo ta gaya mini. Ba ta dawo ba.

Bara waccan Ladidi ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Na je na zauna da ita kwana shida. Ba ta iya cin komai, ko kunu sai a cokali. Rannan da hantsi ta ce bakinta ɗaci, da za ta samu karan dawar Goggo ta tsotsa. 'Ya'yanta ba su san abin da take nufi ba, aka tura kasuwa aka sayo rake mai kyau, aka fere aka yayyanka. Ni na sa mata a baki. Ta tsotsa sau ɗaya, ta kawar da kai.

"Ba shi ba ne," ta ce. Ta dube ni, ta ɗan yi murmushi. "Matar Yaya, ke ma kin san ba shi ba ne."

Yanzu ba ni da gayauna, ƙafa ta ƙi. Amma ina da irin kuɓewa, da yakuwa, da wani farin wake da na zo da shi daga Kibiya. Duk bazara ina ƙulla su a tsumma in aika gidaje, waɗanda suka roƙa da waɗanda ba su roƙa ba. Matan unguwa suna cewa tsufa ya sa Inna Dije ta yi laushi. Ban yi laushi ba.

In kaka ta yi kuma, nakan dogara sanda in bi gefen gonakin mutane. A cikin gajera wani lokaci akan ga kara ɗaya ya yi tsayi ya fi 'yan'uwansa, shi kaɗai, yana kaɗawa. Sule ya ce gurɓataccen iri ne, cire shi ake yi. Ni sai na ratsa na je na karya shi na ɗanɗana. Haƙorana huɗu suka rage, da gefe nake tauna. Har yau salam nake ji.

Ga hadari can ya sake haɗowa. Na ce wa Sule ko an yi ruwan, ko ba a yi ba, kada ya juye ledar nan duka.